Yadda Ake Neman Taron Masu Yaƙi da Shan Giya da Yadda Ake Halartarsa

Wanda giya ta kama a garuruwanmu yakan shafe shekaru yana fama shi kaɗai, domin abin da yake sha haramun ne a addinin mafi yawan mutanen da yake zaune da su, laifi ne a jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, sannan abin kunya ne da kan sa a hana ɗansa aure ko a ƙi sauraren bakinsa a taron unguwa. Saboda haka yakan sha a ɓoye, ya tauna goro ko kanumfari don kashe wari, ya rantse da asuba cewa na jiya shi ne na ƙarshe, magariba na yi kuma ƙafarsa ta kai shi inda ta saba. Wa'azi ya ji, faɗa an yi masa, wataƙila har rubutu an ba shi ya sha. Abin da bai taɓa samu ba shi ne ɗakin da zai shiga ya tarar da mutanen da suka san wannan rantsuwa ta asuba, domin su ma sun yi ta sau ɗari sun karya. Irin wannan ɗaki shi ne taron tallafa wa juna na masu son barin giya.

Asalin tsarin daga Amurka yake. A shekarar 1935, a garin Akron na jihar Ohio, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda ya yi watanni bai kurɓa ba, ya ji sha'awar giya ta taso masa yana baƙo a wani otal. Maimakon ya shiga mashayar otal ɗin, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayin da zai yi magana da shi, aka kuwa haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith. Daga zaman mutanen nan biyu ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo tushe, wadda aka fi sani da AA, ma'anar sunan kuwa ita ce mashaya masu sakaya sunansu. A 1939 suka wallafa littafin da ya ƙunshi matakai 12 da suke bi, yau kuma ƙungiyar tana cikin ƙasashe kusan 180. A 2020 cibiyar nazarin bincike-binciken lafiya ta Cochrane ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum 10,565, ta samu cewa shirye-shiryen asibiti da ke haɗa mutum da tarukan AA bisa tsari sun fi sauran hanyoyin ba da shawara kai mutum ga barin giya ɗungurungum na tsawon lokaci.

Mataki na farko: ka san matsayinka

Likitoci suna da gajerun tambayoyi huɗu da suke yi wa mai shan giya, kuma mutum yana iya yi wa kansa su a ɗakinsa. Ka taɓa jin ya kamata ka rage sha? Ranka ya taɓa ɓaci don wani ya yi maka magana a kan shanka? Ka taɓa jin nadama ko laifi bayan ka sha? Ka taɓa buƙatar kurɓa da sassafe kafin jikinka ya daidaita? Wanda ya amsa biyu daga ciki da "e" yana da dalilin neman taimako. Sai dai taron AA ba ya neman takardar likita, ba ya tambayar kwalba nawa kake sha, burkutu ce ko ogogoro ko ta leda. Sharaɗin zama ɗan ƙungiya guda ɗaya ne tak, wato mutum ya kasance yana son ya daina sha.

Mataki na biyu: likita kafin taro

A nan ne ya kamata a tsaya sosai, domin a nan ake asarar rai. Jikin da ya saba da giya kullum na tsawon watanni ko shekaru ya riga ya daidaita aikin ƙwaƙwalwarsa da ita, idan aka yanke masa ita lokaci guda sai jijiyoyi su yi tawaye. Tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe akan fara ganin rawar hannu, gumi, tashin zuciya, bugun zuciya da sauri da rashin barci. A cikin kwana biyun farko wasu kan faɗi suna jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma akwai mataki mafi haɗari, wanda likitoci ke kira delirium tremens, inda mutum ke ruɗewa, jikinsa ya yi zafi, ya riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango alhali babu su. Wannan yanayi yana kashewa idan ba a kula da shi ba, kuma a gidajenmu sau da yawa akan ɗauke shi a matsayin shafar aljanu, a ɓata awannin da ya kamata a ce mara lafiya yana gadon asibiti.

Na san maganar za ta yi wa wasu nauyi, ganin cewa umarnin addini shi ne a bari nan take. Niyyar bari kam nan take ake ɗaura ta, amma hanyar cika niyyar ga wanda hannunsa ke rawa da safe har ya kasa riƙe kofin shayi ita ce ya je asibiti a ranar. A can akan ba da magungunan da ke kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki ƙarƙashin kulawa, da sinadarin tiyamin, wato bitamin B1, wanda ƙarancinsa ke lalata ƙwaƙwalwar mashaya. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da asibitin Dawanau a Kano, da sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da na Jami'ar Jos, duk suna karɓar masu matsalar shaye-shaye. Ka gaya wa likita gaskiyar abin da kake sha da lokacin da ka sha na ƙarshe, domin da wannan lissafin zai auna magani. Ka kuma tambaye shi game da magungunan rage sha'awa irin su naltrexone da acamprosate, waɗanda ba sa karo da halartar taro.

Mataki na uku: zaɓen irin taron da ya dace da kai

AA ita ce ta fi yaɗuwa, kuma matakanta 12 sun ginu ne a kan mutum ya amsa cewa giya ta fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji gwargwadon yadda ya fahimce shi, ya yi wa kansa hisabi, ya nemi gafarar waɗanda ya zalunta ya biya su haƙƙinsu, sannan ya taimaki wani mashayin. Musulmin da ya karanta sharuɗɗan tuba zai ga ba baƙon abu aka kawo masa ba. Ƙungiyar ba ta ƙarƙashin wani addini ko coci, ko da yake a ƙasashe da dama cikin ɗakunan coci take haya saboda arha, kuma wasu tarukan suna rufewa da addu'ar Kirista. Ba a tilasta kowa ya karanta, wanda ba ta cikin addininsa sai ya yi shiru ko ya yi tasa a zuci.

Wanda ya fi son tsarin da ya tsaya kan Alƙur'ani da Sunna yana iya neman Millati Islami, ƙungiyar da Musulmi suka kafa a Baltimore ta Amurka a 1989, suka daidaita matakan 12 da koyarwar Musulunci, kuma suna yin taruka ta intanet. Akwai kuma SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994, ba ta shigar da batun imani, tana koyar da dabarun ƙarfafa niyya, jure wa sha'awa idan ta taso, sarrafa tunani da ɓacin rai, da tsara rayuwar yau da kullum. Wanda ya haɗa giya da tramadol ko kodin zai amfana da Narcotics Anonymous, ƙungiyar masu son barin ƙwayoyi, wadda ta fara a 1953. Mata da yawa sun fi sakewa a taron mata zalla, kuma akwai su.

Mataki na huɗu: neman taron

Hanya mafi kusa ita ce bakin ma'aikatan asibitin da ka je. Ka tambayi likita, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a na sashen, ko akwai zaman rukuni na waɗanda aka sallama, domin sassan shaye-shaye sukan tara tsofaffin majinyatansu lokaci zuwa lokaci, su ne kuma suka fi sanin wanda ke gudanar da taro a cikin gari. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. Bayan nan sai intanet: shafin aa.org yana da sashen neman taro ƙasa-ƙasa, akwai manhajar waya mai suna Meeting Guide, mai tambarin kujerar naɗewa, wadda ke nuna tarukan kusa a wuraren da aka shigar da jadawalinsu, kuma Hausawa mazauna Amurka da Kanada da Ingila za su ga taruka da yawa a kowace rana. A Nijar da Chadi da Kamaru sai a nema da sunan Faransanci, Alcooliques Anonymes.

A Afirka ta Yamma tarukan ido da ido sun fi samuwa a manyan birane irin su Legas da Abuja da Akara, a garuruwan Arewa kuwa sun yi ƙaranci. Wannan ya sa taron intanet ya zama ƙofar da ta fi buɗuwa ga mafi yawan masu karanta wannan rubutu. Shafin aa-intergroup.org yana ɗauke da jadawalin tarukan Zoom dare da rana, da Turanci da Faransanci da Larabci da wasu harsuna. Kana iya kashe kyamara, ka rubuta sunan da ka ga dama, ka saurara kawai, hakan ma yana rage cin data. Ka lura da bambancin lokaci: agogon Kano da Yamai yana gaban na New York da awa 5 a lokacin bazararsu, awa 6 a lokacin sanyinsu, shi kuwa na Landan daidai yake da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin yana bayanmu da awa ɗaya.

A jadawali za ka ga an sa wa wasu taruka harafin O, wasu kuma C. Na farko buɗaɗɗe ne, kowa na iya zuwa, har matarka ko yayanka da ya rako ka. Na biyu rufaffe ne, na masu fama da giya kaɗai. Idan ka ga taron da aka ware wa sababbin shiga, da shi za ka fara. Jadawali yakan tsufa, don haka idan an sa lambar waya ka kira ka tabbatar da rana da wuri kafin ka kashe kuɗin mota.

Wajibi ne a bambanta wannan da gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, waɗanda iyalansu suka kai da sunan gyaran hali. Taron tallafa wa juna ba ya kulle kowa, ba ya duka, ba ya karɓar kuɗin rajista, da ƙafarka ka shiga da ita za ka fita. Duk inda aka nemi ka biya kafin ka zauna, ko ka sayi wani haɗin magani, ka san ba wurin ba ne.

Mataki na biyar: ranar farko

Na taɓa raka wani ɗan'uwana taronsa na farko. Sau biyu muka wuce ƙofar ginin, yana cewa bari ya sayi kati, bari ya amsa waya, sai da wani dattijo da ke jera kujerun roba ya leƙo ya ce mana, "Bismillah, ku shigo, akwai shayi." Bai tambaye mu sunanmu ba, bai tambayi wane ne mashayin a cikinmu ba. Wannan kai-komon a bakin ƙofa kusan kowa ya yi shi, shi ya sa ya fi kyau ka isa minti goma ko sha biyar kafin lokaci, ka gaya wa wanda ka fara gani cewa yau ne zuwanka na farko.

Taron yakan ɗauki awa ɗaya, wani lokaci awa ɗaya da rabi. Mai jagoranta shi ma mashayi ne da ya daina, ba likita ba ne, ba malami ba. Zai buɗe da karanta manufar ƙungiya da wani yanki na littafinta, ya tambaya ko akwai sabon zuwa, sannan ko dai mutum ɗaya ya ba da labarinsa, ko a ɗauki maudu'i kowa ya yi magana na 'yan mintuna. Mai magana yakan ambaci sunansa na farko kawai ya ce shi mashayi ne, jama'a su amsa masa gaisuwa. Idan layi ya zo kanka kana da damar cewa yau saurare ka zo yi, ba wanda zai matsa maka. Ƙa'idar da ta fi ba sabon zuwa mamaki ita ce ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani, ba a yi masa nasiha, kowa labarin kansa yake bayarwa. Mu da muka saba da cewa duk wanda ya faɗi laifinsa sai an bi shi da faɗa, wannan shirun yakan yi mana banbaraƙwai da farko, amma shi ne ke sa mutum ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa ko matarsa ba. Kusa da ƙarshe za a zagaya da kwando ko kwano don kuɗin haya da shayi, domin ƙungiyar ba ta karɓar tallafi daga waje, wanda ba shi da ko sisi kuma sai ya miƙa kwanon gaba.

Tsoron da ya fi damun ɗan ƙasarmu shi ne ya tarar da wanda ya sani. Hakan na iya faruwa, amma abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, asirinku a ɗaure yake da juna. Dokar taron ita ce wanda ka gani a ciki da abin da ka ji a bar su a ciki, idan kun haɗu a kasuwa ko masallaci kada ka nuna inda kuka san juna. Duk da haka wannan alkawari ne na mutunci, ba shi da kariyar doka irin ta sirrin likita, saboda haka abin da zai iya kai ka kotu kada ka zuba shi a gaban jama'a.

Idan an tashi kada ka yi wuf ka fice. Hirar minti goma ta bakin ƙofa, inda ake musayar lambobin waya, sau da yawa ta fi taron kansa amfani, domin sha'awar giya ba ta jiran ranar taro, da ƙarfe goman dare take zuwa.

Mataki na shida: komawa

Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Taruka sun bambanta kamar yadda majalisun unguwa suka bambanta, wani mai surutu zai cika maka kunne a wannan, a wancan kuma ka ji wani yana ba da labarinka kamar ya leƙa zuciyarka. Ka gwada aƙalla shida a wurare daban-daban kafin ka zaɓi wanda zai zama naka na dindindin. Tsofaffin 'yan ƙungiya sukan shawarci sabo ya halarci taro 90 a kwana 90, ba doka ba ce, amma hikimarta a fili take: lokacin da ka saba zama a mashaya yana buƙatar abin da zai cike shi. Ba a ce ka yi alkawarin shekara ba, na yini ɗaya ake ɗauka, gobe a sabunta.

Bayan makonni kaɗan sai ka nemi wanda suke kira sponsa, wato madugun da ya riga ka shiga hanya, ya shekara ɗaya ko fiye bai sha ba, wanda zai bi da kai matakan 12 kuma za ka iya kiransa idan abin ya taso. Ka zaɓi wanda halinsa ya kwanta maka, ba wanda ya fi iya magana ba, namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Neman sa ba ya buƙatar wani biki, tambayarsa kawai za ka yi bayan taro, idan kuma tafiyar ba ta yi daɗi ba kana da damar canzawa. Madugu ba ya ba da rance, ba ya karɓa, kuma ba shi da hurumin cewa ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka, ko na damuwa ne ko na rage sha'awa. Duk wanda ya fara neman kuɗi ko soyayya a wurin sabon shiga, musamman mace, a sanar da masu kula da taron.

Ka karɓi ɗan aiki tun da wuri, ko jera kujeru ne ko dafa shayi, domin wanda aka ba mabuɗin ɗaki ba ya fashin zuwa. Ka kiyayi abubuwa huɗu da suka fi jawo komawa, wato yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Hanyar da ke bi ta gaban tsohuwar mashayarka ka canza ta ko da za ta ƙara maka kuɗin acaɓa, abokan zaman can kuma a gaisa daga nesa, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Idan ka zame ka sha, taro na gaba shi ne wanda bai kamata ka rasa ba. Ba a korar kowa don ya koma, kusan duk wanda ke zaune a ɗakin ya san wannan faɗuwar. A Sahihul Buhari an ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Abin lura kawai shi ne idan shan ya ɗauki kwanaki a jere, sai a sake komawa wurin likita kafin a yanke.

Iyalin mashayi su ma suna da nasu taron, Al-Anon, wanda Lois, matar Bill Wilson, tana cikin waɗanda suka kafa shi a 1951, da Alateen na matasan gidan. A can ne uwargida ke koyon daina biya masa bashin mashaya da daina yi masa ƙarya a wurin aiki.

Wanda garinsa babu taro ko ɗaya, bayan ya yi watanni yana halartar na intanet kuma ya samu madugu, yana iya buɗe nasa. A ƙa'idar AA mashaya biyu ko uku da suka taru don barin giya sun isa su kira kansu rukuni, muddin ba su jingina shi ga wata ƙungiya, jam'iyya ko kasuwanci ba. Abin da ake buƙata shi ne ɗakin da shigarsa ba za ta ja ido ba, kamar ajin makaranta bayan an tashi ko wani ofis a harabar asibiti, da rana da lokaci tsayayyu waɗanda ba a canzawa, da littafin ƙungiyar, wanda ake iya karantawa kyauta a shafinta. Sai a sanar da likitocin sashen shaye-shaye na garin domin su riƙa turo waɗanda suka sallama, a kuma buɗe ƙofa a kan lokaci kowane mako, ko da a makonnin farko mutum biyu ne kawai za su zauna da flas ɗin shayi.